Faɗuwa Jarrabawa a Jami'a da Ƙa'idojin Sake Zama

Yawancin jami'o'in Nijeriya suna tafiyar da karatunsu bisa tsarin da ke raba kowane fanni zuwa kwasa-kwasai, kowane kwas kuma yana da nauyinsa, wato adadin awannin da ake koyar da shi a mako, kuma wannan tsari ne Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NUC, ta shimfiɗa a cikin mafi ƙarancin ma'aunin karatu da ta fara fitarwa a 1989. A ma'auni mai hawa biyar da aka fi amfani da shi, wanda ya sami maki 70 zuwa sama ya ci A, wadda darajarta biyar ce, haka abin ke sauka har zuwa wanda ya gaza kai maki 40, wanda za a rubuta masa F, darajarta kuwa sifili.

Ɗalibin da ya faɗi kwas ba a mayar da shi ajin baya, sai dai ya wuce gaba ɗauke da kwas ɗin, abin da ɗalibai ke kira kariyoba. Dole ne ya sake yin rajistarsa, ya halarci darasi, ya yi gwaje-gwajen cikin zango, sannan ya zauna jarrabawa, kuma da yake galibi sau ɗaya ake koyar da kowane kwas a shekara, jiran kan kai shekara guda cur. A nan ne ake ganin ɗan aji uku a bayan zaure cikin 'yan aji ɗaya, idonsa a kan agogo, domin darasin ajinsa ya ci karo da na kariyoba a jadawali.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne cewa a jami'o'i da dama cin kwas a karo na biyu ba ya goge faɗuwar farko daga lissafin matsakaicin maki na tsawon karatu. Idan kwas mai nauyi uku ne, ɗalibi ya faɗi bara ya ci A bana, zai tara daraja 15, amma za a raba ta da nauyi 6, sakamakon ya tsaya a 2.5, ƙasa da wanda ya ci C tun farko. Ga shi kuma akwai iyakar nauyin da aka yarda ɗalibi ya ɗauka, wanda galibi 24 ne a zango, don haka duk tsohon kwas da ya shigo sai ya ture sabo zuwa gaba, kamar bashin da ke haifar da wani bashin. Wanda matsakaicin makinsa ya faɗi ƙasa da 1.00 akan ba shi shekarar gargaɗi, in bai farfaɗo ba a sallame shi ko a ba shi shawarar sauya fanni, wanda kuma ya kai ajin ƙarshe da saura sai ya ƙara zango ko shekara bayan abokansa sun tafi hidimar ƙasa.

Sashen koyon likitanci ya bambanta, domin a can makin ci 50 ne, kuma akan ba wanda ya faɗi darasi ɗaya ko biyu damar sake zama cikin 'yan watanni, in ya sake faɗuwa ya maimaita ajin. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, inda ake bin salon Faransa, akwai zama na biyu na jarrabawa a cikin shekarar, kuma ana auna maki ne bisa 20.

Hujjar masu kare kariyoba tana da ƙarfi, domin wanda bai fahimci darasi ba ya fi buƙatar a sake koya masa fiye da a sake gwada shi. Sai dai hujjar ba ta shafi wanda zazzaɓi ya kayar ana jibi jarrabawa, ko wanda maki biyu kacal suka hana shi ci, kuma shekarar da irin wannan ɗalibi zai ƙara, da kuɗin rajista da na haya da na abinci, a wuyan mahaifin da ya sayar da amfanin gonarsa take sauka.