Daren da Miles Davis ya busa wa fim ƙaho a Paris

Yau shirin namu zai kai mu birnin Paris, daren 4 ga watan Disamba na 1957, cikin ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyon Poste Parisien. An rage fitilu, an kunna majigi. Makaɗa biyar ne a ɗakin, amma mutum ɗaya kowa ya zuba wa ido: Miles Davis, baƙar fatar Amurka, mabushin ƙahon tarampet, ɗan shekara 31.

(Busar ƙaho, sannan a rage sauti)

Tarihinsa a gurguje. An haife shi a 1926 a jihar Illinois, mahaifinsa likitan haƙori ne. Ya tafi New York karatun kiɗa a 1944, bai daɗe ba ya watsar da makarantar, ya bi Charlie Parker cikin gidajen rawa.

To, abin da su Parker ke yi a lokacin shi ake kira bibop, kuma sai mun fahimce shi kafin mu gane abin da ya faru a Paris. A kiɗan jaz, mai piyano yakan danna maɓallai uku ko huɗu ko biyar a lokaci guda, su tashi da amo ɗaya. Mu kira shi dunƙulen sauti. A kan waɗannan dunƙulen ne mabushi ke ƙirƙiro karinsa nan take, ba tare da an rubuta masa ba. A bibop kuwa dunƙulen sauyawa suke yi ba ƙaƙƙautawa, wani lokaci duk bayan bugu biyu. Kafin ka gama faɗin abin da ke ranka a kan wannan, an riga an wuce zuwa wancan. Mabushin ƙaho Dizzy Gillespie ya iya wannan tsere, ga sauri ga hawa sama. Miles bai kamo shi a nan ba, kuma bai ɓoye hakan ba. Muryar ƙahonsa a tsakiya take, yana son ya ja sauti ɗaya ya bar shi ya zauna. A wata hira da ya yi da marubuci Nat Hentoff a 1958, ya koka cewa kiɗan ya yi kauri da yawa, ana kawo masa waƙoƙi cike da dunƙule har ya rasa inda zai sa baki. Abin da yake so shi ne a rage su, a bar wa mabushi fili.

Filin nan, a fim ya fara samunsa sosai.

Mai shirya fim ɗin saurayi ne, Louis Malle, shekararsa 25, sunan fim ɗin kuwa Ascenseur pour l'échafaud. Labarin wani mutum ne da ya kashe maigidansa don ya samu matarsa. Ya gama aika-aikar, ya fito, sai ya hango ya bar igiya a rataye. Ya koma ɗaukowa, yana cikin lif mai gadi ya kashe wutar ginin ya tafi hutun ƙarshen mako. Shi ke nan, ya maƙale tsakanin bene da bene. A waje kuma wasu matasa suka sace motarsa. Matar, wadda Jeanne Moreau ta fito a matsayinta, ta ga motar ta gifta da wata yarinya a ciki, ta ɗauka ya yaudare ta. Sai ta kwana tana yawo a titunan Paris tana cigiyarsa.

Wannan yawon, masu sauraro, shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Mai ɗaukar hoto, Henri Decaë, ya ɗora kyamara a keken tura jarirai, yana biye da ita, babu wata fitilar fim sai hasken tagogin kantuna. Fuskarta ta shiga haske, ta fita, ta sake shiga. Ba ta yin komai. Tafiya kawai take yi, tana motsa leɓe, tana leƙa mashaya. Wannan hoton aka yanko ake maimaita wa makaɗan a bango, Miles na tsaye yana kallo, ƙaho a hannu.

Pierre Michelot, wanda ya kaɗa babbar molon nan ta bas a daren, ya ce umarnin da Miles ya ba su bai taka kara ya karya ba: dunƙule biyu kacal, su yi ta zagayawa a kansu. Kenny Clarke na shafar ganga da burushi, René Urtreger a piyano, Barney Wilen da saksofon. Miles kuma ya bar ƙirga dunƙule, ya koma bin sawun matar nan. Ta ja baya ya ja baya. Ta tsaya ya yi shiru. Wanda ya saba jin kuntigin Ɗanmaraya Jos, mai tsirkiya ɗaya, ya san yawan abin da ake iya faɗa ba tare da an bar wuri guda ba.

Yanzu fa, ana yawan cewa a daren ne Miles ya fara ganin fim ɗin, wai komai daga sama ya faɗo masa. A'a. An nuna masa shi tun da farko, kuma akwai piyano a ɗakinsa na otal inda ya riƙa lalubo abin da zai yi. Akwai kuma labarin da marubuci Boris Vian ya baza, cewa wani ɗan ɓallin fatar leɓensa ya maƙale a bakin ƙahon, shi ya ba wani sashe na kiɗan dusasshiyar murya. Labari ne mai daɗin ji. Ni dai na sa shi a gefe. Kafin gari ya waye makaɗan sun gama.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Wata goma sha biyar bayan nan, a Maris da Afrilu na 1959, Miles ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a New York da su John Coltrane da Bill Evans, suka yi faifan Kind of Blue. Waƙar farko a ciki, So What, dunƙule biyu ce ita ma. A littafin tarihin rayuwarsa ya ce wani ɓangare na tunanin daga ƙungiyar rawa ta Ballets Africains ta ƙasar Gini ya samo shi, bayan ya kalli wasansu, kuma ya ce duk da yabon da faifan ya sha, bai kamo amon da ya ji a wajensu ba.

Lokaci na hararar mu, amma ba zan tsallake wannan ba. Miles ya sha faɗin cewa a Paris, tun zuwansa na 1949, ya fara jin an ɗauke shi cikakken mutum. Kind of Blue ya fito ranar 17 ga Agusta 1959. Ranar 25 ga wata, yana tsaye a ƙofar gidan rawa na Birdland inda yake wasa, ya raka wata Baturiya ta hau tasi, ɗan sanda ya ce ya bar wurin. Ya nuna masa sunansa a allon ƙofa. Aka rufe shi da kulki har sai da aka yi masa ɗinki a ka, sannan shi aka gurfanar. Kotu ta wanke shi daga baya.

Ya rasu a 1991. Injiniyanmu na ɗaga mini hannu, don haka ga So What. Ku kasa kunne wajen tsakiya, inda sautin zai ɗan ɗaga sama kaɗan sannan ya dawo. Sauyin ke nan gaba ɗaya. A sha kiɗa lafiya, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.