New York: Me alƙaluma ke faɗa kan rumfunan abinci a wuraren ajiye motoci?

A watan Yunin 2020, lokacin da annobar korona ta hana zama cin abinci a cikin ɗaki, Magajin Garin New York na wancan lokaci, Bill de Blasio, ya bai wa gidajen abinci damar fito da tebura bakin titi, har a wuraren da aka saba ajiye motoci. Alƙaluma huɗu sun isa su nuna yadda abin ya kasance.

12,000. Yawan gidajen abincin da suka shiga shirin ke nan a lokacin da ya fi tashe, har ma da ɗoriya. Kafin annoba, masu izinin ajiye tebura a waje ba su wuce dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ba, kuma akasarinsu a Manhattan suke. Da aka sauƙaƙa ka'ida, ƙananan gidajen abinci na Bronx da Queens su ma suka samu shiga.

100,000. Guraben aikin da hukumomin birnin suka ce shirin ya ceto. Ƙiyasi ne nasu, amma idan aka raba shi da yawan gidajen abincin, kowanne zai tashi da mutum takwas: masu girki, masu kai abinci tebur da masu wanke-wanke. Wannan bai yi kama da zuƙi ta malle ba.

8,500. Kimanin wuraren ajiye motocin da rumfunan suka cinye. Masu motoci sun koka ƙwarai, sai dai birnin na da irin waɗannan wurare kusan miliyan 3 a bakin tituna, mafi yawansu kyauta. Wato wuri ɗaya ne aka rasa cikin kowane 350. Duk da haka kukan yana da tushe, domin rumfunan sun taru ne a unguwannin da dama can ake cunkoso, ga ƙorafin ɓeraye da hayaniyar dare da rumfunan da aka yi watsi da su.

3,000. A Agustan 2023 Magajin Gari na lokacin, Eric Adams, ya sanya hannu kan dokar da ta mayar da shirin na dindindin, amma da sharaɗi: rumfar kan titi za ta tsaya ne daga 1 ga Afrilu zuwa 29 ga Nuwamba kawai. Lasisin shekara huɗu dala 1,050 ne, ban da kuɗin fili. A ƙarƙashin sabuwar dokar, kimanin gidajen abinci 3,000 ne suka nemi izini, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na adadin baya.

Dalilin raguwar a fili yake. Mai ƙaramin jari zai biya a kwance rumfa duk hunturu, ya biya wurin adana kayan wata huɗu, ya sake biyan a ɗaura ta. Manyan gidaje ne kaɗai ke iya ɗaukar wannan nauyi.

Tsafta da tsari wajibi ne, amma dokar da ta kori ɗimbin masu sana'a domin dawo da ɗan fili ga motoci ta yi tsada da yawa. Ya kamata majalisar birnin ta sake duba sharaɗin hunturu.