Kwarin Hawaye: tafiyar kwana uku bisa doki zuwa inda jirgin Urugwai ya faɗi a 1972

Daga watan Disamba zuwa Maris, lokacin da hunturu ke kaɗawa a Maradi da Damagaram, a ƙasar Ajantina zafi ake yi. A waɗannan watanni ne kawai hanya ke buɗewa zuwa wani kwari da ke can ƙuryar tsaunukan Andes, dab da iyakar Chili, wanda ake kira Valle de las Lágrimas, wato Kwarin Hawaye. Babu gari a wurin, babu itace ko ɗaya, babu hanyar mota. Abin da ke akwai shi ne kabari guda da ya haɗa mutane da yawa, da gicciyen ƙarfe, da tarkacen jirgin sama. Duk da haka kowace shekara mutane na biyan kuɗi, suna bin ƴan jagora ayari-ayari, wasu bisa doki wasu a ƙafa, domin su tsaya a wurin na ɗan lokaci su juyo.

Abin da ya faru a 1972

Ranar 12 ga Oktoba 1972 wani jirgin sojan sama na ƙasar Urugwai, ƙirar Fairchild, ya tashi daga Montevideo da mutum 45: fasinjoji 40 da ma'aikata 5. Samarin ƙungiyar wasan zari-ruga ta Old Christians ne suka yi shatarsa, su da dangi da abokai, za su je wasa birnin Santiago na Chili. Rashin kyan yanayi ya sa suka kwana a Mendoza. Washegari Juma'a, 13 ga wata, suka sake tashi. Jirgin ba ya iya tsallake mafi tsawon duwatsun kai tsaye, saboda haka tsarin shi ne a yi kudu, a ƙetare ta mashigar Planchón, sai an kai saman garin Curicó na Chili sannan a juya arewa a fara sauka. Gajimare ya rufe ƙasa, matuƙan suka ɗauka sun riga sun kai Curicó alhali suna tsakiyar duwatsu. Suka fara sauka da wuri. Jirgin ya bugi dutse, fikafikai da wutsiya suka cire, gangar jikin ta sulale bisa dusar ƙanƙara ta tsaya a wani wuri mai tsayin kusan mita 3,600.

An yi kwana 8 ana neman su, aka haƙura. Jirgin fari ne, kuma bisa farar ƙanƙara yake kwance, daga sama ba a ganin sa. Waɗanda suka tsira da kunnensu suka ji labarin dakatar da neman, a wata ƙaramar rediyo. Ranar 29 ga Oktoba dusar ƙanƙara ta zaftaro daga tudu ta cika gangar jirgin da suke kwana ciki, ta kashe mutum 8. Da ɗan abincin da ke hannunsu ya ƙare, a wurin da ko ciyawa ba ta tsirowa, suka yanke shawarar da ta sa har yau duniya ba ta manta da su ba: suka ci naman waɗanda suka mutu. Bayan an ceto su sun faɗi haka da bakinsu gaban ƴan jarida a Montevideo, kuma Cocin Katolika, wadda su mabiyanta ne, ba ta ɗora musu laifi ba.

Ranar 12 ga Disamba mutum uku suka fita neman taimako: Nando Parrado, Roberto Canessa da Antonio Vizintín. Bayan kwana uku Vizintín ya koma domin guzuri ya ishi sauran biyun. Ba igiya, ba takalmin hawan dutse, suka haye tsaunin da ya haura mita 4,500, suka gangara ɓangaren Chili. Bayan kusan kwana 10 suna tafiya suka hango wani makiyayi bisa doki a ƙetaren kogi, Sergio Catalán. Ƙarar ruwa ta hana a ji juna, sai ya ɗaura takarda da abin rubutu jikin dutse ya jefa musu. Shi ne ya yi doguwar tafiya bisa dokinsa ya kai labari wurin hukuma. A ranakun 22 da 23 ga Disamba jirage masu saukar ungulu na Chili suka kwashe sauran. Mutum 16 suka rayu bayan kwana 72, mutum 29 suka rasu.

Yadda tafiyar take

Ana somawa daga El Sosneado, wani ɗan ƙauye da ke bakin babbar hanya mai lamba 40, tsakanin San Rafael da Malargüe a jihar Mendoza. Daga nan motocin shiga daji ke bin gefen kogin Atuel bisa hanyar tsakuwa, kimanin kilomita 60, har inda mota ba ta iya wucewa. A nan dawakai da alfadarai ke jira. Aikin farko shi ne ƙetare Atuel, kuma ko masu tafiyar ƙafa a nan kan hau doki, don ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne, mai sanyi da ƙarfi. Ƴan jagora sun fi son a ƙetare da safe. Dalili kuwa, da rana ta ɗaga ƙanƙarar da ke sama sai ta yi ta narkewa, kogin da aka ratsa da hantsi ruwa iya gwiwar doki, da la'asar ya kan kai ciki.

Ranar farko ana kaiwa zangon da ake kira El Barroso, mai tsayin kimanin mita 2,500, a kafa tanti. Rana ta biyu ita ce mai wuya: a tashi da asuba, a hau fiye da mita 1,000, a ƙetare rafuka, a bi siririyar hanya da ke manne jikin gangare, a isa wurin kabarin wajen tsakar rana, sannan a komo zango kafin dare. Rana ta uku a koma bakin mota. Wasu kamfanonin na ƙara kwana ɗaya domin jiki ya saba da tsayin, ko domin a ba yanayi dama idan ya ɓaci.

Don a gane tsayin nan: ƙololuwar Bagzan a Ayar, wadda ta fi ko'ina tsawo a Nijar, mita 2,022 ce. Ke nan tun zangon farko mutum ya riga ya wuce ta. A mita 3,600 iskar da mutum ke samu a kowane numfashi ba ta wuce kashi biyu cikin uku na wadda yake samu a bakin teku ba. Abin da ke biyo baya shi ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da rashin barci, wanda mutanen yankin ke kira puna. Ba ruwansa da ƙarfin jiki, ya kan kama saurayi ya ƙyale dattijo. Maganinsa hawa a hankali, shan ruwa da yawa, idan kuma ya tsananta a sauka, ba gardama. Wannan ne ma babban amfanin ɗan jagora: shi ke duban fuskar mutum da tafiyarsa ya ce wane ya tsaya nan. Mutumin da ya tsallako teku ya kashe kuɗinsa ba ya son jin wannan magana saura tafiyar awa ɗaya, amma a wurin da waya ba ta kamawa kuma likita ke da nisan yini, ita ce magana mai amfani.

Doki ya fi sauƙi ga huhu, amma ba ga cinya da baya ba. Wanda bai taɓa hawa ba zai yi sa'o'i bisa sirdi, ƙafa cikin likkafa, yana kallon rami a gefensa. Abin da ake gaya wa baƙi shi ne su sassauta linzami a wurare masu haɗari, domin dabbar ta fi su sanin inda za ta taka. Masu dawakan, waɗanda ake kira baqueanos, galibi makiyayan awaki ne na yankin Malargüe, masu hawa tudu da garkensu idan zafi ya zo su sauka kafin sanyi, kamar yadda makiyayan Nijar ke yin arewa da damina su komo bayan girbi. Su suka san mashigar kowane rafi da alamun hadari. Kuɗin hayar dabbobi a waɗannan watanni ya zama wani ɓangare na abin da suke ci, kuma da dare a zango su ke gasa naman akuya, abincin da aka san Malargüe da shi.

A kan hanyar mota akwai wani kango da kusan kowane ayari ke tsayawa kallo: tsohon otal na Termas El Sosneado, wanda aka gina a 1938 kusa da maɓulɓular ruwan zafi aka kuma watsar da shi tun shekarun 1950. Tsakaninsa da inda jirgin ya tsaya kimanin kilomita 20 ne ta gabas. Waɗanda suka tsira ba su san da shi ba. Mataimakin matuƙi, kafin ya cika, ya yi ta maimaita cewa sun wuce Curicó, saboda haka suka sakankance suna ɓangaren Chili, suka nufi yamma, hanya mafi tsawo da wuya. Har yau ana muhawara kan ko gabas ta fi musu. Wanda ya ga Atuel a watan Disamba, lokacin da ya cika ya batse, ba zai yi saurin cewa eh ba, balle ga mutanen da suka yi wata biyu cikin yunwa, ga shi kuma otal ɗin ba kowa ciki.

Abin da ake tararwa

Gangar jirgin ba ta nan. A watan Janairu 1973 wata tawaga ta hau ta tattara gawawwakin, aka binne su a kabari guda bisa wani tudun duwatsu da zaftarewar ƙanƙara ba ta kaiwa, aka kafa gicciyen ƙarfe, sannan aka zuba wa ragowar jirgin mai aka cinna wuta don kada ya ja masu neman abin kallo. Abin da ya rage ƙanƙara ta haɗiye. Wani uba, mahaifin Rafael Echavarren, bai yarda ɗansa ya kwanta can ba. Ya ɗauki ƴan jagora ya hau ya ɗauko gawar, aka tsare shi na ɗan lokaci a Ajantina, daga baya aka ba shi izinin kai ta gida. A 2006 iyalai suka kafa wani baƙin ginshiƙi na tunawa a wurin. Kewaye da shi akwai allunan sunaye, carbi irin na Katolika, tutoci, rigunan wasa da iska ta koɗar.

Ƙanƙarar kwarin na ja da baya shekara bayan shekara, tana amayo abin da ta haɗiye: ƙarafa, guntayen kujeru, tufafi. A 2005 wani ɗan jagora, Ricardo Peña, ya tsinci rigar Eduardo Strauch, ɗaya daga cikin 16 ɗin, da walat ɗinsa da takardunsa, shekara 32 bayan haɗarin. Ya mayar masa, suka zama abokai, kuma tun daga lokacin Strauch ya sha raka ayarin baƙi zuwa kwarin. Ƙa'idar da ƴan jagora ke nanatawa ita ce duk abin da aka tsinta a ajiye shi gindin gicciyen, kada a sa aljihu.

Nan ne maganar ke da nauyi. Littafin Alive na Piers Paul Read ya fito a 1974, aka yi fim ɗinsa a 1993, amma fim ɗin J. A. Bayona mai suna La sociedad de la nieve, wanda Netflix ta saki a Janairu 2024, shi ya kai labarin ga matasan da ba a haife su ba lokacin haɗarin, kuma masu neman zuwa kwarin suka ƙaru. Ga makiyaya da kamfanonin Mendoza wannan kasuwa ce. Ga iyalan da ke Montevideo kuwa wurin maƙabarta ce, inda mahaifiyar Parrado da ƙanwarsa ke kwance tare da sauran. Mai zuwa don ya yi addu'a da mai zuwa don ya ɗauki hoton kansa doki ɗaya suke haya, kuma babu mai gadi a can da zai bambanta su. Tudun ƙarami ne, hanyar siririya, shara ba ta ruɓewa cikin sanyi irin wannan, sai an ɗoro ta bisa alfadari an sauko da ita. Wanda ke son ganin kayan tarihin ba tare da ya taka kabarin ba, akwai gidan tarihi na Andes 1972 da aka buɗe a Montevideo a 2013.

Mutanen Nijar ba baƙi ba ne ga irin wannan wuri. Ranar 19 ga Satumba 1989 bam ya tarwatsa jirgin DC-10 na kamfanin UTA, wanda ya taso daga Brazzaville ya biyo ta Njamena zai je Paris, a sararin Tenere, mutum 170 suka mutu, ba wanda ya tsira. A 2007 ƙungiyar iyalan mamatan, da taimakon mutanen yankin, ta shimfiɗa baƙaƙen duwatsu bisa rairayi cikin babban da'ira mai siffar jirgi a tsakiya, da fasassun madubai 170, aka tsayar da fiffike ɗaya ɗauke da sunaye. Ana ganin sa a hotunan tauraron ɗan adam. Bambancin shi ne na Tenere nisa da matsalar tsaro sun sa masu kai masa ziyara ƙalilan ne, na Andes kuwa yanzu tambayar ita ce mutum nawa wurin zai iya ɗauka.

Sergio Catalán ya rasu a watan Fabrairu 2020 yana da shekara 91, bayan shekaru masu yawa waɗanda ya ceta suna ziyartar sa kamar uba. Ayarin ƙarshe kan sauko daga kwarin cikin watan Maris. Daga nan makiyaya su kora awaki da dawakai zuwa gangare, dusar ƙanƙara ta rufe hanyar har Disamba mai zuwa.