Ko Ka Sani? Injin Mota Ya Ƙanƙance, Ƙarfinsa Ya Ninka

Ko ka san cewa motar da Karl Benz ya fito da ita a Jamus a 1886, wadda ake ɗauka ita ce ta farko mai aiki da fetur, ƙarfinta bai kai na doki ɗaya ba? Ɗan injin ban-ruwan da manoman rani ke jan ruwa da shi a Danja ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Da Henry Ford ya fitar da Model T a Amurka a 1908, injinta mai girman lita 2.9 ƙarfin doki 20 kacal yake bayarwa.

Mu dawo gida. Tsofaffin direbobin Funtua da Malumfashi ba su manta da zamanin Fijo ba, lokacin da akori-kura 404 ke jigilar auduga da masara daga Bakori da Kafur da Dandume. Tun 1975 masana'antar Fijo (Peugeot) ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, 504 kuwa ta zama sarauniyar titi. Amma injinta mai lita 2 da kafireta bai kai ƙarfin doki 100 ba. Toyota Corolla ta yanzu mai lita 1.8 tana ba da 130 zuwa 140, ga ƙarancin shan mai. A 2012 ma kamfanin Ford ya fitar da inji mai lita 1 da silinda uku kacal, wanda ke ba da ƙarfin doki 125.

To, ina sirrin yake? Na farko shi ne awon mai. Fetur ba ya ƙonewa sarai sai an gauraya shi da iska daidai wa daida: kowane giram ɗaya na mai yana bukatar kusan giram 14.7 na iska. Kafireta da kintace take aiki, iskar da ke wucewa ce ke zuƙo man, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Injekta kuwa kwamfutar mota ce ke ba ta umarni. Akwai na'urar da ke auna iskar da ta shiga, akwai wadda ke shinshinar hayaƙin da ya fita, sai kwamfutar ta lissafa, ta fesa wa kowace silinda rabonta. Bambancin kamar na mai watsa taki a gona ne da mai zuba shi a gindin kowace shuka. Kamfanin Bosch ya fara sa injekta mai aiki da lantarki a motar Volkswagen tun 1967.

Na biyu shi ne matsi. Gwargwadon yadda fistin ya matse gaurayen mai da iska kafin fulogi ya ba da wuta, gwargwadon ƙarfin da za a samu. Model T tana matsewa kusan ninki 4, 504 sama da ninki 8, injinan yanzu kuwa ninki 10 zuwa 13. Na uku shi ne turbo: hayaƙin da a da ake bari ya fice a banza shi ke juya wata ƙaramar fanka, ta cusa ƙarin iska cikin inji.

Dole ce ta kawo wannan ci gaba. Tashin farashin ɗanyen mai na 1973 da dokokin rage hayaƙi a Amurka da Turai da Japan su suka tilasta wa kamfanoni neman dabara. Duk da haka da sauran rina a kaba. A tsohon inji, cikin lita 10 da ka saya, wadda ke zama aiki ba ta kai 3 ba, sauran zafi ne da ke ficewa ta salansa da lagireto. Toyota Prius ta 2015 ta kai kashi 40 cikin 100, injinan tseren Formula 1 kuma sun haura 50.

Abin takaici, a garejinmu ake zubar da ribar. Mota na fara zafi sai a cire tamostat a jefar. Daga nan inji ba ya kai zafin da aka tsara masa da wuri, kwamfuta ta ɗauka har yanzu sanyin asuba ne, ta yi ta ƙara mai. Haka idan na'urar shinshinar hayaƙi ta mutu aka ƙyale ta, ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, ko aka labta wa Golf buhunan masara tayoyinta ba isasshiyar iska.

Tun da aka janye tallafin mai a 29 ga Mayu, 2023, kowace lita ta zama abin tattali. Don haka, direba, kafin ka ce motarka ta cika shan mai, kai ta wurin bakaniken da ke da na'urar duba kwamfutar mota, ka mayar da tamostat, ka wanke ko ka canja matatar iska, kuma ka rage lodi.