Jirgi Mai Saukar Ungulu da Lambar da ke Jikinsa

Mutanen Gaya da Ajingi, a gabashin Kano, sukan ga jirgin nan mai saukar ungulu ya ratsa ta bisa gonakinsu. Mai kaifin ido yakan hangi waɗansu baƙaƙe a jikinsa. To, baƙaƙen nan su ne sunan jirgin a wurin hukuma, kamar yadda fatake kan yi wa dabbobinsu shaida.

Asalin wannan ƙa'ida yarjejeniya ce da ƙasashe suka ƙulla a birnin Shikago na Amurka cikin 1944. An shar'anta kowane jirgi ɗan ƙasar da aka yi masa rajista ne, ba ya kuwa zama ɗan ƙasa biyu a lokaci guda. Alamar Nijeriya 5N ce, kana a bi ta da haruffa uku. A zamanin Turawa VR-N ake rubutawa, sai bayan samun mulkin kai a 1960 aka sake. Ta Nijar 5U ce. Hukumar NCAA ke riƙe da littafin rajistar. Har wa yau akan zana lambar a wani ɗan allon ƙarfe wanda wuta ba ta ci, a manna a jikin jirgin, domin ko ya faɗi ya ƙone a san na wane ne. Takardar rajista kuwa daban take da takardar shaidar lafiyar jirgi, wadda ba a bayarwa sai an bincike shi sarai.

Ƙananan jiragen nan da yawansu injinsu mai fistan ne, watau ɗan'uwan injin mota, yana shan fetur na musamman. Irinsa ne a cikin Bell 47, wanda ya fara samun izinin aikin farar hula a Amurka cikin 1946. Haka kuma Robinson R22 mai ɗaukar mutum biyu, wanda aka yarje masa a 1979, da ƙanensa R44 mai ɗaukar huɗu a 1992. Sun fi manyan araha, shi ya sa makarantun koyon tuƙi da masu manyan garkuna suke son su.

Kano ma ta taɓa ganin nata. Masu tarihi suna cewa Abagayawa, maƙeran farko na gindin Dala, daga Gaya suka taso neman tama, saboda haka ƙira a wannan ƙasa gado ce. Cikin 2007 wani ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, yana da shekara 24, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu cikin wata takwas. Injin tsohuwar mota Honda Civic ya sa masa, mai ƙarfin doki 133, kujeru huɗu daga wata Toyota, waɗansu ƙarafan kuwa daga tarkacen wani babban jirgi da ya faɗi kusa da Kano. Da kuɗin gyaran kwamfuta da wayoyi ya yi aikin, mahaifinsa yana agaza masa. Jirgin ya tashi sau shida, amma bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba.

Ƙafa bakwai ba abin rainawa ba ce ga wanda ya koyi aikin daga karatu da intanet kawai. Sai dai tsakanin tashi a fili da ɗaukar mutane a bi ta kan gari akwai rata mai nisa. Injin mota in ya mutu sai direba ya ratse gefen hanya, shi kuwa matuƙin sama sai ya dogara ga fukafukan, iska tana juya su har ya sauka, in an ƙera su daidai. Wannan ne dalilin tsananin binciken hukuma, kuma tana da gaskiya. Inda ta gaza shi ne rashin leƙa yaron, gama labarin da ya bazu a jaridun duniya a watan Oktoba na shekarar ya nuna hukumar ba ta kula da jirgin ba, a lokacin yana ajiye a harabar jami'ar da fentinsa ruwan ɗorawa.