Shahidan Yuganda: Gaskiya ko Jita-jita?

Kowace 3 ga Yuni, Namugongo da ke gefen Kampala kan cika maƙil da masu ziyarar ibada, wasu a ƙafa daga Kenya, wasu a jirgi daga Najeriya. Labarin shahidan da ake tunawa da su ya kai ko'ina, sai dai ba duka ya isa yadda ya faru ba.

Ana cewa su 22 ne, duka 'yan Katolika. Wannan lissafin waɗanda Paparoma Paul na Shida ya ayyana tsarkaka ne a 1964. Akwai kuma 'yan Angilikan 23, har ma su aka fara da su: samari uku da aka kashe a Janairun 1885. Paparoman da kansa ya ambace su a wurin bikin.

Ba kuma a rana ɗaya aka ƙone su duka ba. Babbar wutar Namugongo ta 3 ga Yunin 1886 ce, inda aka nannaɗe su cikin tabarmin kara aka jera a kan itace, amma kisan ya ɗauki shekara biyu. Joseph Mukasa fille masa kai aka yi a Nuwamban 1885, don ya ƙalubalanci Sarkin Buganda, Mwanga na Biyu, kan kashe Bishop James Hannington. Matthias Mulumba kuwa datse masa gaɓoɓi aka yi, aka yar da shi yana numfashi har kwanaki. Na ƙarshe, Muzeeyi, a Janairun 1887 aka kashe shi.

Maganar da ta fi ci mini rai ita ce wai yara ne marasa wayo da Turawa suka hure wa kunne, ko kuma wai rikicin siyasa ne zalla. Siyasa tana ciki, babu musu. Jamusawa na mamaye ƙasashen gabashin Afirka, fadar Buganda na tsoron baƙon da zai ɓullo ta yankin Busoga, ga kuma samarin fada sun fara ƙin biya wa sarki buƙatarsa ta lalata. Amma da aka tara su gabansa, masu addu'a aka ce su ware gefe, suka ware. Duk wanda ya ce ya daina zai tsira. 'Yan mishan ba su fi a ƙirga da yatsu ba a ƙasar, yawancin koyarwar samarin ne ke yi wa junansu. Cikin shahidan, Charles Lwanga ne ya yi wa Kizito, ɗan kimanin shekara 14, baftisma da dare. Mbaga Tuzinde ɗa ne a wurin babban hauni Mukajanga, wanda ya yi ta roƙonsa ya bari a ɓoye shi, amma Mbaga ya ƙi. Wanda aka buɗe wa ƙofa sau da yawa ya ƙi fita, ya san abin da ya zaɓa, kuma rage masa wannan zalunci ne na biyu.

Akwai kuma zaton cewa Kiristoci kaɗai fadar ta kashe saboda addini. Tun a tsakiyar shekarun 1870 mahaifin Mwanga, Mutesa na Ɗaya, ya sa aka kashe samarin fada Musulmi masu yawa, saboda sun ƙi cin yankan mahautansa marasa kaciya, sun kuma ƙi bin sa salla. A 1888 Musulmi da Kiristoci suka haɗa kai suka tumɓuke Mwanga daga karaga.