Awara, Angurya da Maganar da Ke Yawo a Kakuri

Wata Litinin da yamma, na fito daga kasuwar Kakuri na zauna a bencin mai shayi, sai wata yarinya ta sauke farantin awara, da yaji da yankakken kabeji a gefe. Wani saurayi ya miƙa hannu, abokinsa ya riƙe masa hannun riga ya ce, "Kai da za ka angwance bayan salla?" Dattijon da ke kusa da su ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiya ya gaya maka, ɗana. Waken suya yana kashe namiji." Yarinyar ta ɗauki farantinta ta yi gaba ba ta yi ciniki ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin awara ita ce naman talaka a yau, kuma daga Makera har Sabon Tasha gidaje da yawa da ita suke biyan kuɗin makaranta.

Ga inda maganar ta samo tushe. Waken suya yana ɗauke da wani sinadari, aisofilabon, wanda ƙirarsa ta yi kama da sinadarin jikin mace. Kama dai aka yi, amma kama da wane ba ta wane, don ƙarfinsa bai kai ko kusa ba. A 2010 masana sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan maza masu cin waken, a 2021 aka sake tattara guda 41, duka biyun ba su ga ya rage sinadarin mazakuta ba. Mutanen Sin da Japan sun shafe ɗaruruwan shekaru suna cin irin awararsu, suna aure suna haihuwa. Kusa da mu ma, a yankin Kafanchan da Zonkwa, an daɗe ana daddawa da waken suya.

Abin da ya cancanci wannan zargi daban yake, kuma ba na jin ana ambatonsa: angurya. A cikin ƙwayar auduga akwai gosifol, wanda ke rage maniyyi da gaske. A ƙasar Sin aka gano haka, a ƙauyukan da ke girki da ɗanyen man angurya wanda ba a tace ba, har a shekarun 1970 aka gwada shi a kan dubban maza a matsayin maganin tsarin iyali. Man da aka tace a masana'anta an cire masa wannan. Inda ya kamata a kula shi ne wajen kiwo. Babban sa da ragon layya suna jure angurya daidai gwargwado, saboda tumbinsu yana ɗaure gubar. Ɗan maraƙi da kaza ba su da wannan gata, kuma kazar ƙwai idan ta ci da yawa, kwanduwar kan rine ta koma kore-kore in ƙwan ya kwana biyu. Wanda ya ajiye bijimi ko rago don barbara, kada ya cika masa ita.

Sai magana ta biyu, wadda masu kaji ke yi, cewa waken suya yana hana kaji girma. Wannan kam akwai gaskiya a cikinta, amma rabi ce. Ɗanyen wake ne ke yin haka. Tun 1917 wasu masana biyu a Amurka, Osborne da Mendel, suka lura ɓerayen da ake ba ɗanyen waken suya ba sa girma sai an dafa shi. Daga baya aka gane dalili: akwai wani abu a cikinsa da ke toshe tirifsin, ruwan da hanji ke narkar da furotin da shi. Kaza za ta ci ta cika maƙoƙo, abincin ya wuce bai amfane ta ba.

Na ga wannan da idona a Barnawa. Da buhun abincin kaji ya yi tsada, wata maƙwabciyarmu ta fara haɗa nata: masara, dusa, da waken suya da take soyawa a rabin duro a tsakar gida. Itace ya yi tsada, sai ta riƙa saukewa da zarar bayan waken ya canja launi. Kajin suka yi sati shida kamar 'yan sati huɗu, kashinsu ruwa-ruwa yana manne musu a gindi. Ta ce mini, "Yaya, ko baki aka yi musu?" Na ɗauki ƙwaya ɗaya na fasa da haƙori. Waje ya soyu, ciki fari fat, gafi ya cika mini baki. Gafin nan shi ne shaida. Manyan masana'antu, irin ta Olam da ke kan hanyar Abuja a ƙaramar hukumar Chikun, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Satumban 2017, suna aiki da garin waken da aka riga aka turara da zafi a wajen matse mai. Mai haɗawa a gida sai ta yi wannan aikin da kanta: ko ta tafasa waken kamar rabin awa ta shanya, ko ta soya a wuta kaɗan-kaɗan tana juyawa har cikin ƙwayar ya yi ruwan ƙasa mai haske. Idan kuma ya ƙone ya yi baƙi an sake yin asara, don wuta mai yawa tana lalata laisin, ɓangaren furotin da kaza ta fi buƙata. Awara kuwa ta tsallake duk wannan, tunda an jiƙa, an markaɗa, an tafasa madarar kafin a zuba ruwan tsami, sannan a soya.

Ban da waken suya, akwai sauran abincin da ake magana a kansu. Rogo gaskiya ne yana da guba, musamman mai ɗaci, kuma Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya danganta wata cutar jijiyoyi da yawan cin wanda ba a sarrafa da kyau ba tun shekarun 1960. Ferewa, jiƙawa na kwanaki, matsewa da suya su ke fitar da gubar. Irin wannan gubar ce a gyauron dawa, shi ya sa makiyayi ba ya barin shanu su faɗa masa.

Wanda mutane ke ƙaryatawa alhali gaskiya ne, shi ne na shayi. Baurin da ke cikin ganyensa yana kama sinadarin ƙarfe na abinci, wanda jiki ke yin jini da shi. Wani gwaji a Suwidin a 1982 ya nuna shan shayi tare da abinci ya rage abin da jiki ke tsotsa da kusan kashi 60 cikin 100, ruwan lemo kuwa ya ƙara shi. Lafiyayyen magidanci ba zai ji a jikinsa ba. Mai juna biyu da aka ce jininta ya yi ƙasa ita ce abin ji, ita da yaron da ake yayewa da shayi da burodi. Su bari a yi awa guda bayan cin abinci kafin su sha, kuma maganin ƙarin jini na asibiti a haɗiye shi da ruwa ko lemo.